Ɗan Yayata Ya Ce Fim Ɗin Namun Daji Zai Yi

Tun da muhawarar nan ta "digiri ko sana'a" ta sake tasowa a dandalin nan nake ta karanta ra'ayoyin jama'a ban ce uffan ba. Kusan duk shekara sai an yi ta, musamman tun bayan littafin nan na Farfesa Pantami, kuma kullum a wuri ɗaya ake tsayawa. Wasu su ce kwali ya mutu, wasu su ce ai waɗanda suka riga suka samu ne ke hana na baya. Abin da ya sa zan sa baki yau shi ne, a gidanmu maganar ta wuce muhawara, ta kai ga hawaye. Rubutun zai yi tsawo, mai sauri ya ajiye sai ya natsu.

Ɗan yayata ne. Mahaifinsa ya rasu yana aji uku na sakandare, Allah Ya jiƙansa. Shi ne babba, ƙannensa huɗu. Ya karanci aikin jarida da sadarwa a jami'a, ya fita da sakamako mai kyau, ya yi bautar ƙasa ya dawo. Dangi kaf aka zuba ido a ga Kawu, wato ni, ya samo masa gurbi a wata ma'aikata, ko da na jami'in yaɗa labarai ne. Sai yaro ya buɗe baki ya ce shi fim ɗin namun daji zai yi, irin wanda ake nunawa a tashoshin waje.

Yaya ta kira ni da daddare. Ta ce, "Kai yake jin maganarka, ka yi masa magana. Ni na yi ta zubin adashe shekara huɗu don ya je ya riƙa bin birai a daji?" Kada wanda ya yi mata dariya. Matar da ta yi ƙosai ta yi ɗinki ta biya kuɗin makaranta tana da haƙƙin ta tambayi ranar da za ta huta. Kuma aikin gwamnati, duk lalacewarsa, yana da abin da ba a rainawa: wata ya ƙare ka san wani abu zai shigo, ga fansho, ga shi in ka je neman aure ba za a tsaya ana tambayar me kake yi ba. Amma ni shekarata 18 a cikinsa. Na san yadda ake samun gurbi yanzu, ba sai na faɗa ba, kowa ya sani. Na kuma san abin da mai digiri ke ɗauka a mataki na 8, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000. Ba zai riƙe gida mai mutum shida ba. Don haka ban ga dalilin da zan kashe masa gwiwa a kan abin da ni kaina na san ba tudun dafawa ba ne. Na ce ya zo mu zauna.

Kukansa na farko a kan digirin ne. Ya ce, "Kawu, komai an lasa mana a baki, ba abin da aka bari muka ƙoshi." Zango ɗaya rediyo, zango ɗaya talabijin, a taɓa ɗaukar hoto, a taɓa talla, a taɓa hulɗa da jama'a, a taɓa dokokin aikin jarida. Kyamarar sashen guda biyu ce ga ɗalibai sama da ɗari, wasu har suka gama ba su riƙe ta na minti goma ba. Yana ganin da ya sani da ilimin dabbobi ya karanta, yanzu shekara huɗu sun tafi a banza.

A nan na saɓa da shi, kuma a nan nake saɓawa da masu cewa kwali ya mutu. Fim ɗin namun daji ba tarin hotunan dabbobi ba ne. Da haka ne, da duk wanda ya je gidan zoo na Kano da waya ya zama furodusa. Labari ne, yana da farko da tsakiya da ƙarshe, yana da wanda ake bi, da abin da yake nema, da abin da ya tare masa hanya. A ce kana son nuna ungulu ta sauka a kan mushe. Kana buƙatar hoton nesa da zai nuna filin gaba ɗaya, da nata tana jewa a sama, da saukarta, da idonta kusa-kusa, da karen da ke raɓe a gefe yana jiran sa'a. Ba a rana ɗaya ake samun waɗannan ba, wani lokaci ma ba a wata ɗaya ba, amma in mai tace hoto ya haɗa su dole mai kallo ya ji kamar a gabansa abin ya faru. Sautin ma galibi daban ake ɗaukarsa, tunda gilashin kyamara yana jawo hoton nesa amma ba ya jawo kukan tsuntsu. To wa ya koya wa yaron nan tsara labari, da tace hoto, da ɗaukar sauti mai tsafta, da yi wa dattijo tambaya har ya saki jiki, da rubuta takardar neman tallafi? Wannan karatun da yake rainawa ne. Lasar da aka yi masa ce ta sa shi kaɗai zai iya aikin mutum huɗu, kuma a ƙasar nan wanda ba zai iya aikin mutum huɗu ba, ba zai ma fara ba, don ba shi da kuɗin ɗaukar sauran ukun.

Abin da ba shi da shi daban ne, kuma ban sha wahalar nuna masa ba. Muna zaune a tsakar gida, mahaifiyarmu tana gefe a kan tabarma tana jan carbi. Na ce masa, yaushe shamuwa take zuwa garin nan? Ya yi shiru. Na ce ina take tafiya in ta tafi? Ya fara laluben waya. Hajiya ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Kai dai an yi ɗan boko. In ka ga shamuwa ta fara ɗaukar kara tana kai wa kan bishiya, ka gyara gonarka, ruwa ya kusa. In kaka ta yi ta kwashe 'ya'yanta ta tafi." Haka ne kuwa. Tana iso mana ne a bazara, wajen Afrilu zuwa Mayu, ta yi sheƙa a cikin gari kusa da mutane, ta ƙyanƙyashe da damina, sannan ta nufi kudancin Afirka inda ruwa ke sauka a lokacin da mu muke rani. Yaron da ya haddace sunayen zakunan Kenya daga YouTube bai san tsuntsuwar da ke kwana a saman ɗakinsa ba. Ba laifinsa ba ne shi kaɗai. Duk haka muka taso 'ya'yanmu.

Ku duba waɗanda suka yi suna a harkar. David Attenborough, wanda muryarsa ce kusan kowa ya sani, kimiyyar halittu ya karanta a Cambridge, ya shiga BBC a 1952, a can ya koyi talabijin. Akwai Hamza Yassin, haifaffen Sudan, wanda aka kai Birtaniya yana yaro. Ilimin dabbobi ya karanta a Bangor, sannan ya yi digiri na biyu a ɗaukar hoton halittu. Duk da kwalayen nan biyu, da ya tashi koyon aikin sai ya tattara ya koma wani ƙauye a gaɓar tekun yammacin Sikotland, ya yi wata tara yana kwana a cikin mota, yana yi wa mutanen garin 'yan aikace-aikace don ya ci abinci, sauran lokacin yana bin mikiya da sauran namun wurin. Waɗannan ta ƙofar dabba suka shigo suka koyi kyamara. Nawa yaron ta ƙofar kyamara zai shigo ya koyi dabba. Ko ta ina ka shigo, rabi kake da shi, ɗaya rabin kuma ba a aji ake bayarwa ba.

Ya kawo min maganar Bristol, na ce na sani. A birnin nan na Ingila sashen BBC na fina-finan halittu yake tun 1957, a nan ake bikin Wildscreen tun 1982, har akwai jami'ar da ke ba da digiri na biyu a kan wannan sana'a takanas. In Allah Ya kawo tallafin karatu, ni zan fara raka shi tashar jirgi. Amma da kuɗin aljihunmu, bayan abin da ya sami naira tun 2023, ko gidan gado muka sayar ba za mu kai ba. Kuma ko can ɗin, abin da za su fara tambaya shi ne, nuna mana abin da ka ɗauka. Haka ƙungiyar NEWF ta Afirka ta Kudu, wadda aka kafa a 2017 don horar da 'yan Afirka su riƙa ba da labarin dazuzzukansu da kansu, kuma take aiki tare da National Geographic. Ƙofa ce ta gaske, 'yan Afirka da dama sun bi ta cikinta. Sai dai ba a zuwa hannu rabbana.

To ina zai koyi dabba? Na ce malamai biyu gare ka, kuma duk ba sa karɓar kuɗin makaranta.

Na farko masu kallon tsuntsaye. A Jos akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI, a dajin Amurum, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Jos. Ita ke jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, inda 'yan sa-kai ke fita da waya da madubin hangen nesa suna rubuta duk tsuntsun da suka gani a yankinsu. Akwai matasan Arewa da yawa a ciki, wasu ma ba kimiyya suka karanta ba. Wanda ya bi su wata shida zai san sunan abin da yake ɗauka a kimiyyance, ya kuma san mutanen da in baƙi sun zo daga waje neman ɗan jagora su ake fara tambaya. Mutane ba su san cewa a wannan sana'a ba kasafai ake farawa da riƙe kyamara ba. Ana farawa ne da bincike, ko jagora, ko ɗaukar kaya, ko zama a gaban kwamfuta kana rubuta abin da ke cikin kowane bidiyo da aka ɗauko. Da ɗan gari akan ci gari, kuma ɗan garin da ya iya Hausa da Turanci, ya san sunan tsuntsu, ya san yadda ake gaida hakimi, ya kuma san abin da darakta ke nufi in ya ce yana son hoton kusa, ba shi da yawa.

Na biyu shi ne wanda na fi so a ji. A ƙauyen kakanninmu akwai wani tsohon maharbi, ɗan gidan Sarkin Baka ne. Ya daina harbi, ba don wa'azin kowa ba, don babu abin harbin. Na kai masa yaron da goro da sabulu. Tsohon nan ya shiga ɗaki ya fito da kan burtu, wanda maharba ke ɗaurawa a goshi su durƙusa suna tafiya suna kwaikwayon tsuntsun, har su kusanci barewa ba ta tsorata ba. Ya ce masa, "Ɗana, dabba ba idonka take tsoro ba, warinka take ji. Kafin ka zauna ka debi ƙasa ka saki ka ga inda iska ta nufa." Ya nuna masa yadda ake gane sawun jiya da na yau, da yadda kukan tsuntsaye ke canzawa in wani abu na tafe, da dalilin da ba a zuwa mashaya da rana tsaka. Ya hana shi turare, ya hana shi farar riga. Ya sa shi ya zauna a gindin wata kuka tun asuba har hantsi ba motsi. Yaron ya dawo ƙafa ta kumbura da cizon cinnaka, ya ce, "Kawu, ashe zama ma aiki ne." Duk abin da Turawa ke rubutawa a littattafan wannan sana'a game da kusantar dabba, tsohon nan ya san shi tun kafin a haife ni. Bambancin kawai, shi a ƙarshe kibiya yake saki. Irinsu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kuma ba wanda ke zama da su da rikoda.

Wani zai ce, to me ma ya rage a dajin da za a ɗauka? Akwai. Yankari tana nan, fiye da murabba'in kilomita 2,200, da giwayenta waɗanda suna cikin na ƙarshe da suka rage a ƙasar nan, da ɓauna da gwanki, da ruwan Wikki mai ɗumi rani da damina. Gashaka-Gumti, mafi girman gandun dajin ƙasa, tana can tsakanin Taraba da Adamawa, har birai masu kama da mutane akwai. Dausayin Haɗeja zuwa Nguru yana karɓar tsuntsayen da ke tsallako Sahara daga Turai duk hunturu. Akwai dorina a Dadin Kowa. A Nijar, a yankin Kure kusa da Yamai, akwai raƙuman dawan Afirka ta Yamma na ƙarshe, waɗanda suka ragu zuwa 49 a 1996, aka tashi tsaye a kansu har suka haura 600. Kuma a kowane ɗaya daga wuraren nan labarin ba na dabba kaɗai ba ne. Manomin da giwa ta shiga gonarsa a daren da zai yi girbi yana da abin faɗa. Masuncin da kachalla ta toshe masa hanyar ruwa tun bayan da madatsun Tiga da Challawa suka canza yadda ambaliya ke zuwa, shi ma yana da nasa. Mai shinkafar da jan-baki ya cinye masa gona fa? Baƙon da ya zo na sati biyu ba zai samu wannan ba, don ba za a gaya masa ba.

Sai dai fa, mu faɗi gaskiya, yawancin dazuzzukanmu yanzu ba na dabbobi ba ne. Sambisa da muke ji a labarai gandun namun daji ne asalinsa. Kamuku ta Birnin Gwari kowa ya san halin da ake ciki. Gandun Kainji ma haka. A Kure ɗin da na ambata, ranar 9 ga Agustan 2020 aka kashe mutum 8, Faransawa 6 ma'aikatan agaji da 'yan Nijar 2, direbansu da ɗan jagoransu, sun je kallon raƙuman dawan ne kawai. A ƙarshen 2020 gwamnatin tarayya ta amince da ƙarin gandun daji na ƙasa guda 10 a kan 7 da ake da su, ciki har da Falgore da Kogo da dausayin Haɗeja. A takarda abu ya yi kyau. Ni ma'aikaci ne, na san nisan da ke tsakanin takarda da ƙasa. Ga kuma wani haɗarin da ba a cika tunawa ba: saurayi baƙo, shi kaɗai, da doguwar kyamara a bakin daji, a wannan zamani. Kafin ya yi bayani an ɗauke shi ɗan leƙen asirin ɓarayi. Tsoron Yaya ke nan na gaskiya, ba albashi ba. A nan na kafa masa doka: ba inda zai je sai da takarda. Takardar hukumar da ke kula da wurin, da gaisuwa wurin hakimi da dagaci, da sanar da 'yan sanda da 'yan sa-kai na yankin. Ƙaramin jirgin nan marar matuƙi da ake ɗaukar hoto da shi kuwa, na ce ya cire shi a ransa tukuna, don tashinsa na buƙatar izinin hukumar sufurin jiragen sama da na ofishin mai ba da shawara kan tsaron ƙasa. Rubuta wasiƙa da bin fayil dai shi ne abin da na ƙware a kai, to a nan Kawu ya yi rana.

Sai kuɗi. Gilashin kyamara irin na manyan ƙwararru, mai tsawon milimita 600, shi kaɗai kusan dala 13,000 ne. Ku buga da canjin yau ku gani. Akwai na talaka da ake samu wajen dala 1,000, na hannu kuma ya fi sauƙi. Shi muka saya, da tsohuwar kyamara da ƙafarta mai ƙarfi, rabi daga abin da ya tara, rabi bashin da na ci a ƙungiyar adashen ma'aikata. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Abin da ya tara kuwa daga bidiyon biki ne. Juma'a zuwa Lahadi yana wurin kamu da dina da walima, kuma na hana shi raina wannan aiki. Shi ke ciyar da gidan a yanzu, shi ke sa mai a babur. Banda haka, wanda ya iya kama hawayen uwar amarya a cikin cunkoso da duhu, ba tare da ya ce a maimaita ba, ya fara koyon abin da dabba za ta nema a wurinsa. YouTube ba ya fara biyan kuɗin talla sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a cikin shekara, kuma abin da ake samu daga masu kallo na nan gida bai taka kara ya karya ba. Inda kuɗi yake tukuna shi ne ƙungiyoyin kare muhalli masu son gajeren bidiyon aikinsu, da tallafi, da aikin jagora. Ba wanda zai yi arziki da wuri a nan. Na faɗa masa a gaban mahaifiyarsa don kada gobe a ce Kawu ne ya yi masa romon baka.

Amma masu kallo akwai su. Ku je wurin masu tura fina-finai a waya ku tambaya ko ana neman na dabbobi. Ku duba yadda bidiyon zaki da ɓauna ke yawo a WhatsApp, wani ya ɗora masa muryar barkwanci da Hausa. Mutanen da suka taso da tatsuniyar kura da dila da gizo ba sai an roƙe su su kalli dabba ba. Abin da babu shi ne namu dabbobin, a namu wuraren, da harshenmu, da bayani na gaskiya. A Kenya Paula Kahumbu ta yi shirin Wildlife Warriors, 'yan ƙasar ne ke ba da labarin dajinsu ga 'yan ƙasar. Fim ɗin Indiya na The Elephant Whisperers, wanda ya ci kyautar Oscar a 2023, minti arba'in ne kacal, da harshen Tamil, a kan wasu talakawa biyu da ke renon marayan ɗan giwa. Ba su juya shi zuwa Turanci don duniya ta kalla ba, fassara aka rubuta a ƙasa.

Da muka zo zaɓen abin da zai fara da shi, shi Yankari yake so. Na ce a'a, ka zaɓi abin da za ka iya zuwa wurinsa sau ɗari da kuɗin man babur. Shi da kansa, bayan kwana biyu, ya dawo ya ce ungulu.

Ku tsaya ku tuna, ku da kuka kai shekaruna. Yaushe rabon da ku ga ungulu? Muna yara, kwata ba ta cika kwata ba sai da su, jere a kan katanga, mahauta na kora suna dawowa. A kasuwa suke, a juji suke, har mun mai da su abin zagi. Yanzu ɗana na fari ya shiga jami'a bai taɓa ganin ta da idonsa ba, alhali yana jin ana cewa ungulu ba ta jewar banza. Tun 2015 hukumar IUCN ta sa irin ungulun nan tamu ta cikin gari a jerin halittun da ke dab da ƙarewa. Babban dalili a yankinmu shi ne farautarta da ake yi ana sayar da kai da ƙafa da ƙwai ga masu tsibbu, sai guba da ake sa wa mushe, sai sare manyan bishiyoyin da take sheƙa. A 2020 a Gini Bisau an kashe fiye da 2,000 da guba a cikin 'yan makonni. Ga shi ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, ta kwanta a kansa kusan kwana 50, ɗan kuma ya yi wata uku zuwa huɗu kafin ya tashi. Abin da ke haihuwa haka, in aka taɓa shi ba ya farfaɗowa da wuri. Kuma ba ado take yi mana ba. Cikinta na narkar da ƙwayoyin cutar da ke cikin mushe. A Indiya, da wani maganin dabbobi mai suna diclofenac ya kashe musu fiye da kashi 95 cikin 100 na ungulayensu, mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan titi suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru. Wani bincike da aka wallafa a 2024 ya ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo mutuwar mutum kusan rabin miliyan a can cikin shekara biyar. Mu nan tamu ta ɓace a gabanmu, ko tambaya ba mu yi ba.

Wata bakwai ke nan yana kai. Ya zauna da tsofaffin mahauta uku, ɗaya har ya yi ƙwalla yana ba da labarin yadda suke gane an yi yanka a unguwa daga jewar ungulu. Ya samu wani mai sayar da kayan gargajiya da ya yarda ya yi magana in ba za a nuna fuskarsa ba. Tsohon maharbin nan ya raka shi har suka gano sheƙa ɗaya a saman wani maɗaci, tafiyar awa biyu a babur. Ya je sau goma sha tara. Abin da ya samu mai kyau na tsuntsuwar kanta, in aka haɗa, bai kai minti huɗu ba. Ya nuna mana a kwamfuta ranar wata Asabar. Hajiya ta matso da tabarmarta, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ikon Allah, ashe tana da ido mai kyau haka." Yaya ba ta ce komai ba, amma sau biyu ta sa aka maimaita.

Ba ta sauko gaba ɗaya ba, kuma ban matsa mata ba. Yarjejeniyar da aka yi ita ce shekara biyu. Zai ci gaba da bidiyon biki yana ba ta abin cefane duk mako. In shekara biyu ta cika bai gama fim ɗin ba, ko ya gama bai buɗe masa wata ƙofa ba, zai karɓi duk aikin da aka samo masa ba gardama. Takardunsa suna cikin durowata a ofis, kuma duk inda na ji ana ɗauka ina miƙawa, don haka na yi mata alkawari.

Abin da nake roƙo a wurinku guda biyu ne. In akwai wanda ya san dattijon mahauci ko maharbi, a Kano ko Jigawa ko Bauchi, da zai yarda a ɗauki hirarsa a kan ungulu, ya haɗa mu. In kuma a garinku har yanzu ana ganinta, musamman in kun san bishiyar da take sheƙa, don Allah kada ku rubuta sunan wurin a ƙarƙashin wannan rubutu. Ba mu kaɗai ne ke nemanta ba, kuma waɗancan sun fi mu biya. Ku turo min ta saƙon sirri, zan ba shi. Da sanyin nan take ƙwai, in aka wuce Maris sai kuma baɗi.